Tokar Orrin da Gangar da Ke Dawowa

Mutumin da aka raka makwancinsa ya dawo, aka sake raka shi ya sake dawowa, an binne shi ko ba a binne shi ba? Na yi wa faston cocinmu wannan tambaya ba tare da na kama suna ba, ya dube ni ya ce in rage zama ni kaɗai. Na duba littattafan da nake arowa a laburaren gari, sai na ga duk masu hikimar da ke ciki sun yi rubutunsu ne a zamanin da abin da aka jefa sama yake tafiya abinsa, ko ya faɗo ya farfashe. Babu wanda ya tanadi amsa saboda Orrin Teague, mijin yayata Lurleen.

Orrin mai haɗa bututun mai ne a filin harba roka na kamfanin Dunmore, nan bakin teku a Florida, tun ina saurayi. Ni direba ne a filin. A zamaninsa, gindin roka, wato doguwar gangar nan mai ɗauke da injuna, idan ta gama tura kaya sama sai ta faɗa teku ta nutse. A shekara ana ƙera abu, a more shi na 'yan mintuna, a bar wa kifaye. Injunan kuma daga ƙetare ake sayo su, a hannun mutanen da 'yan siyasarmu ke zagi da safe su biya su da yamma. Orrin bai ga laifin ko ɗaya ba. A wurinsa ganga aikinta ta tafi, ba ta dawo tana ba mutane labari ba.

Sai zamani ya juya. 'Yan ofis suka gano cewa zubar da ganga a teku asara ce, abin da kowace mai girki ta daɗe da sani game da tukunyarta, aka ba su lambar yabo. Ganguna suka koyi dawowa su sauka a kan ƙafafunsu, a goge su, a sake ɗura musu mai. Aka daina sayen injin waje, aka fara ƙera namu, aka rataya kyallaye a ƙofar fili masu cewa ƙasa ta tsaya da ƙafarta. Orrin ya kalli saukar farko yana jingine da motarsa, ya tofar da yawu ya ce, "Wannan ba roka ba ce, motar haya ce." Bai daɗe ba ya ajiye aiki, ya koma gyaran famfunan maƙwabta yana sanar da su duniya ta lalace.

Ma'aikatan fili muna da wata al'ada da ba a rubuta ko'ina ba. Idan ɗayanmu ya mutu aka ƙona gawarsa, iyalinsa kan ba da 'yar toka. A yanki guntun bututu daga irin wanda mamacin ya yi aiki da shi, tsawon ɗan yatsa, a zuba tokar, a liƙe bakin biyu da walda, a buga sunansa a jiki, a ɗaure shi a cikin ganga bayan wani murfi kusa da injuna. Mutum ya hau sama iyakar hawa, sannan ya gangara ƙasan teku inda ba mai damunsa. Tsofaffin shugabanni sun san da wannan, sukan tuna da wani aiki a ofis a daidai lokacin. Amma sun tafi, na yanzu ba su taɓa jin labarin ba, kuma ba wanda ya ga amfanin ɗora musu nauyin sani.

A asibiti, a kwanakinsa na ƙarshe, Orrin ya kama hannun Del Pruitt, mai walda, abokinsa tun suna samari. Ina tsaye a wurin.

"Ka sa ni a wadda ba ta dawowa," in ji Orrin. "Har yanzu suna zubar da ɗaya-ɗaya idan kaya ya yi nauyi, man dawowa bai ragu ba. Ka jira irinta. In ka sa ni a motar haya, Del, zan dawo in same ka."

"To ai aikin motar haya ke nan, dawowa," in ji Del.

"Ba wasa nake ba, tsohon banza."

"Na ji, na yi alkawari. Sakar mini hannu, da shi nake cin abinci."

Del ya yi komai yadda ya kamata. Ya yanki bututun daga wani tsohon guntun injin waje da Orrin ya adana a garejinsa don tunawa da lokacin da duniya take daidai. Lurleen ta ba da tokar, ta barbaɗa sauran a gindin bishiyar lemun da ke bayan gida, ta ce wannan tumbinsa ne da ƙafafunsa, Orrin na gaskiya yana cikin bututu. Del ya jira har aka ware wata ganga da za ta ɗauki wani ƙaton tauraron ɗan'adam, wadda aka ce ba za ta dawo ba. Ya ɗaure abokinsa a ciki kafin masu dubawa su rufe murfin su buga hatimi.

Ina hutu a lokacin saboda ciwon baya. Ranar harbawa da safe muka tsaya a bakin teku mu uku, Lurleen da rigar cocinta. Rokar ta tashi, ƙarar ta iso mana daga baya tana girgiza ƙirji. Lurleen ta bi ta da ido har ta zama ɗigo.

"To, ka tafi ke nan," ta ce. "Yau ne karon farko da ka fita ba ka bar mini kwanukan wankewa ba."

Ta share ido, ta rungume Del. Na lura Del bai ɗaga kai sama ba ko kaɗan, yashi yake kallo, gumi na tsiyaya daga ƙeyarsa. Na ɗauka baƙin ciki ne.

Ranar da na koma aiki aka ce in tafi tashar jiragen ruwa in ɗauko wata ganga da ta sauka a kan faffaɗan jirgin kamfani can tsakiyar teku. Motata doguwa ce mai tayoyi barkatai, gudunta bai wuce na mai tafiya a ƙasa ba. Na tsaya ana ɗora mini gangar, ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi, na kai hannu na goge wurin lamba kamar yadda na saba. Lambar gangar Orrin ce, wadda Del ya gaya mini.

Na same shi da rana a inuwar rumfar gyara yana cin burodi da nama.

"Del, wa na ɗauko yau daga tasha?"

"Ganga."

"Ganga da wa?"

Ya ajiye burodin. Ya ce ƙaton tauraron nan bai gama shiri ba, masu shi suka ɗage. Wani a ofis ya ga ganga a ajiye ba ta aiki, zuciyarsa ba ta ba shi ba, ya ba ta kaya marar nauyi, ya sa aka ɗaura mata ƙafafu. Del ya ga ƙafafun saura kwana kaɗan a harba, alhali ya riga ya gaya wa Lurleen rana, ta guge rigarta.

"Ka buɗe ka cire shi mana."

"Hollis, kai direba ne, ka tsaya a tuƙi. Murfin nan yana da hatimi. Ba a buɗe shi sai mutum biyu suna tsaye, kyamara na kallo, an faɗi dalili. Arhar gangar nan duka daga rashin buɗewa take. Duk murfin da aka buɗe, wani a ofis sai ya kwanta ciwo."

"To ka gaya wa Yaya."

"In gaya mata me? Cewa na sa mijinta a motar haya bayan ta yi kuka ta gama? Ba zan faɗa ba. Kowace ganga tana da ranarta. Wata rana za ta tsufa, su ɗora mata kaya mai nauyi su zubar. Orrin zai isa teku, ya ɗan makara ne kawai. Ai ba yau ya fara ba."

Da gangar ta yi wa Del adalci, da ta tsage ko ta yi yoyo. Sai ta zama ba a taɓa ƙera irinta ba. Ta tafi ta dawo, ta tafi ta dawo, ko noti bai kwance ba. Injiniyoyi suna shafa ta idan za su wuce, suna ce mata mai sa'a. Aka daina wahalar da ita da saukar jirgin ruwa, aka ba ta tafiye-tafiyen da ake dawowa a sauka a cikin fili. Hotonta ya hau kalandar kamfani. Mutumin da ya tsani dawowa fiye da kowa a jihar Florida ya zama zakaran dawowa, ni kuma nake ɗauko shi daga wurin sauka in kai shi rumfa, a hankali, 'yan sanda a gaba da baya. Ko gwamna ba a yi masa irin wannan rakiya. Tafiyar doguwa ce ga mai gudun kunkuru, sai in sami kaina ina gaishe shi ta madubi.

Lurleen kuwa duk mako sai ta gasa kek ɗin lemun tsami ta kai wa Del, ladan cika alkawari. Del yana karɓa, yana ci, domin ƙin ci zai jawo tambaya. Kafin bazara ta wuce ya ƙara rami a bel ɗinsa. Ban taɓa ganin mutumin da laifi ya sa wa ƙiba ba sai shi.

Ranar Lahadi bayan coci nakan kai Lurleen bakin teku. Ta kafa kujerarta a yashi, ta fuskanci ruwa, ta ba Orrin labarin mako: rufin ɗaki yana yoyo, karen maƙwabta ya tone mata furanni, jikarsu ta sami aiki a Tampa. Ni ina zaune a mota ina iya hango rufin rumfar gyara a bayanta, inda Orrin yake kwance ana duba masa ƙafafu. Nan ne tunani yake cina. Hirar tana yi mata amfani, na gani da idona, tana dawowa mota fuskarta a sake. Teku kuma yana sauraronta daidai yadda Orrin yake yi da ransa, wato ba ya cewa komai. To wa aka cuta? Mamaci da bai san inda yake ba, ko mai rai da take jin daɗi? Idan na ce ba kowa, sai in tuna Orrin ya kama hannun mutum ya roƙi abu ɗaya tak. Idan alkawari yana mutuwa tare da wanda aka yi wa, ban ga dalilin da zai sa a riƙa yin sa a asibiti ba.

Kamfani ya shirya ranar iyali, aka ce kowa ya kawo nasa su kalli sauka daga kusa, da gasasshen nama kyauta. Na gwada sa'ata, ko idan ta gani abin zai yi mata sauƙi wata rana.

"Yaya, ki zo ki gani ko sau ɗaya. Abin kallo ne."

"Auta, shekarunka sun kai a daina jan ka da gasasshen nama," ta ce. "Abin nan shi ya kore shi daga aiki, shi ya zaunar mini da shi a gida yana gunaguni har ya mutu. Idona ba zai kalle shi ba. In na ji ƙarar ma tagogi nake rufewa."

Haka take yi. Duk lokacin da ganga ta dawo, ƙarar nan mai kama da aradu biyu a jere ta kaɗa gilasan gari, sai ta tashi ta rufe taga ta ce, "Motar haya ta iso." Na taɓa zama a ɗakin girkinta hakan ta faru. Na sa kaina a cikin kofin shayi ban ɗago ba.

Abin ya zo ƙarshe ne a wani taron safiya. Marisol Quintero, shugabar rumfar gyara, yarinya ce mai kirki wadda ba ta kai sa'ar 'yar Del ba, ta hau kan akwati ta ce tana da albishir. Gwamnati za ta fara ba kamfaninmu aikin harba taurarin sojoji, da sharaɗin a tabbatar babu abin waje a jikin rokarmu. Saboda haka bayan tafiyar ranar Asabar za a ɗauki ganga mafi kyau, kowa ya san wadda ake nufi, a warware ta gaba ɗaya a gaban masu binciken gwamnati da 'yan jarida.

"Za mu nuna wa duniya ko noti ɗaya ba mu aro ba," in ji ta. Aka tafa.

Del ya ɗaga hannu. "Ranki ya daɗe, har murfin bayan injuna?"

"Har shi, Baba Del. Akwai matsala ne?"

"Babu. Murfi ne da nake so kawai."

Aka yi dariya, aka watse. Na bi shi har wurin waldarsa. Ya zauna a kan bokiti ya rufe fuska da hular aiki.

"Bari in gaya maka abin da za su gani," na ce. "A cikin rokar da ƙasa ta tsaya da ƙafarta, za su ga bututun injin waje, da rubutun mutanen waje a jikinsa, an liƙe bakinsa, da wani gari mai launin toka a ciki."

"Toka ce ai."

"Ba su sani ba. Za su kira masu kwance bam. Za su kai Orrin ɗakin gwaji su ɗiga masa ruwan magani. Sannan su karanta sunan da ka buga da hannunka mai kyau, jami'an tsaro masu baƙar kwat su ƙwanƙwasa ƙofar Yaya su tambaye ta tun yaushe mijinta yake yi wa ƙasar waje leƙen asiri."

"Al'ada ce ta ce a yanka daga bututun da mutum ya yi aiki da shi. Ni na ce ya yi shekara da shekaru yana haɗa injin waje?"

"Ka gaya wa masu baƙar kwat haka, za su ji daɗi."

Ya ɗaga hular. "Ina da 'ya a Georgia. Ta daɗe tana cewa in je in zauna."

"Je ka. Sai Yaya ta ji daga bakin baƙi, a tsaye a ƙofarta."

"Kai ƙanenta ne, kai ka faɗa mata."

"Ba hannuna ya kama ba."

Del ya mayar da hular kan fuskarsa. Aikin ba shi ne damuwarsa ba, saura masa kaɗan ya ajiye shi dama. Matarsa ta daɗe da rasuwa, Orrin ya bi ta, mutanen da suka san shi yana da gashi a ka sun ƙare sai Lurleen. Ita kaɗai ce a garin nan take ƙwanƙwasa masa ƙofa. Yana ganin ranar da ta ji, ƙofar ta rufe ke nan.

Ranar Juma'a da la'asar ya zo ya tsaya a gefen motata, ya sa riga mai maɓalli. "Ka kai ni wurin Lurleen," ya ce. "In na tuƙa da kaina, Georgia zan tsinci kaina."

Mun same ta a baranda tana ɓare jatan lande a cikin roba, fanka na kaɗa mata.

"Ku biyu a tare, da rigar coci ranar Juma'a," ta ce. "Wa ya mutu?"

"Ba sabo ba ne, 'yar'uwa," in ji Del. "Na da ne."

Ya faɗa mata a tsaye, hula a hannu. Ya fara daga tauraron da bai gama shiri ba, ya bi ta kan ƙafafu da hatimi, ya ɓata lokaci wajen bayanin nauyin kaya da ragowar mai kamar za ta yi masa jarrabawa. Ba ta daina ɓara ba. Da ya kai kan masu bincike ya tsaya, sai ta wanke yatsunta a ruwan kwano ta goge da tawul.

"Wato ba ya teku."

"Ba ya teku."

"Yana ina yanzu?"

"Yana tsaye a wurin harbawa. Gobe da safe zai tashi."

"Ya dawo kuma."

"In Allah ya yarda."

"Wato watannin nan da kifaye nake hira." Ta juyo kaina. "Kai kuma kana zaune a mota kana kallona ina gaya wa kifi rufina yana yoyo."

"Yaya..."

"Kai ne kake ɗaukarsa a wannan doguwar motar taka?"

"Ni ne. A hankali nake tuƙa shi."

"Na gode da ba ka jijjiga shi ba." Ta koma kan Del, ta dube shi daga fuska zuwa tumbi. "Kek ɗin bai taɓa tsaya maka a wuya ba?"

"Kullum yana tsayawa."

"Amma yana wucewa, na gani."

Del ya murza hular. "Na karya masa alkawari, Lurleen. Abu ɗaya ya roƙe ni."

"Shi kake ji. Ni da nake da rai ka bar ni ina rufe wa mijina taga duk lokacin da ya dawo." Ta jawo robar jatan landen gabanta. "Ku tashi ku ba ni wuri. Ku duka."

Muka fita. A mota Del ya ce, "Ka ji ko ta ce kada in sake zuwa?"

"Ba ta faɗa ba."

"Ba ta ce in sake zuwa ba kuma."

Na sauke shi a gidansa. Ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa yana laluben makulli a aljihun da ba ya ciki.

Washegari da sassafe wayata ta yi ƙara.

"Auta, ka tashi? Zo ka ɗauke ni. Ka sa kujeru a mota. Ka biya ka ɗauko wancan maƙaryacin, ka ce masa in ya sa rigar jiya ba zai shiga ba."

Mutane sun riga sun cika bakin gadar da ake kallo daga kanta, da akwatunan ƙanƙara da yara a kafaɗa, wani yana sayar da riguna masu hoton gangar. Lurleen ba ta sa rigar coci ba, ta sa ta zaman gida da hular rana. Ta kafa kujerarta a gaba, ta nuna wa Del wuri a gefenta. Ya zauna a bakin kujerar kamar wanda aka kira kotu.

"Ranar Litinin," ta ce, ba ta dube shi ba, "za ka kai ni wurin yarinyar nan shugabarku kafin masu bincike su iso. Zan ce mata na zo karɓar mijina. Na sha karɓo shi a ƙofar wurare da suka fi wannan muni, lokacin da yake sha. Zan ce ni na sa aka sa shi. In gwamnati tana son ta ɗaure tsohuwa a gaban 'yan jarida saboda ta binne mijinta, ga ni."

"Za su san waldata ce."

"Su sani. Ka ce kek na ba ka. Ai ba ƙarya ba ne."

Del ya yi wani sauti tsakanin dariya da tari. "In an cire shi, sai in jira wadda ba ta dawowa. Wannan karon zan tsaya a kanta har ta tashi."

"Za mu gani. Ya sha yawo. Wataƙila in ajiye shi a kan firji ya ɗanɗana zaman gida."

"Ba haka ya ce ba, 'yar'uwa."

"Ya faɗi abubuwa da yawa. Ya ce zai gyara rufi."

Na buɗe baki zan ce wani abu game da haƙƙin mamaci, ta ɗaga mini yatsa ba tare da ta juyo ba, na rufe.

Rokar ta tashi daga bayan bishiyoyi, mutane suka yi ihu, ƙarar ta biyo ta kan ruwa. Ta hau har ta zama ɗigo, ɗigon ya rabu biyu. Da a gida ne, an jima kaɗan Lurleen za ta tashi ta nufi taga. Ta gyara zama.

"Ina zan duba?"

Del ya nuna mata da yatsa, can sama ta gefen teku. Aka ɗan jima ba komai sai shuɗin sama da wasu kwasakwasai da ke wucewa. Sai wata 'yar wuta ta kunnu, ta mutu, sannan wani baƙin tsinke ya bayyana yana faɗowa da gindi, da gudun da ba za ka ce zai tsaya ba. Lurleen ta miƙe tsaye, ta sa hannu ta tare rana. Wutar ta sake kunnuwa, ƙafafu suka buɗe, gangar ta rage gudu ta zauna a bayan bishiyoyi cikin hayaƙi. Sai ƙarar ta iso, biyu a jere, yara suka toshe kunne. Ita ba ta toshe ba.

"Ga shi nan," ta ce. "Ji yadda yake shigowa da hayaniya, sai duk unguwa ta san ya dawo."

Ta tsaya tana kallon hayaƙin, hannunta ɗaya a kafaɗar Del.